Wutar Da Ta Rasa Hanyar Komawa

Na san wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamaki in sun buɗe wannan mujalla, wadda aka saba cika ta da nazarin waƙa da nahawu da al'ada, suka tarar da wani yana ba da labarin wayoyin babur. To, a yi mini haƙuri. Abin ya faru gare ni ne, ya kuwa kusa raba ni da abincina a ƙasar da ba ni da uwa ba ni da uba, sa'an nan da na zauna daga baya na auna shi, sai na ga ashe har da hannun wata kalma ta Hausa cikin wahalar da na sha. Saboda haka ina ganin ban shiga gonar wani ba ƙwarai.

A ƙarshen shekarar 2022 ina Ingila wajen karatu. Makarantar tana cikin birnin Manchesta, amma ni na kama ɗaki a Oldham, wani gari da ke arewa maso gabas da birnin a gindin tsaunukan Pennine, domin haya ta fi sauƙi a can. Dokar bizar ɗalibi ta yarda mutum ya yi aikin sa'a 20 a mako lokacin da ake karatu, ni kuwa na sami nawa a wani makeken ɗakin ajiyar kaya a Trafford Park, can ɗaya gefen birnin, ana shiga ƙarfe 6 na safe. Da wannan aiki nake biyan haya, da shi nake cin abinci. Tafiyar ta kai wajen kilomita 20, kuma motocin haya ba su kai ni a kan lokaci da wannan asuba. Don haka na sayi wani tsohon babur ƙarami mai cc 125, irin wanda dokarsu ta yarda ɗan koyo ya hau bayan horon yini ɗaya, muddin ya manna jan harafin L gaba da baya, bai goya kowa ba, bai kuwa hau manyan titunan gudu ba.

Mu ma dai mun san sanyi. Hunturu yakan fasa mana leɓe da dunduniya, jaura takan hana tsofaffi fitowa sai hantsi. Amma namu sanyin yana jin kunyar rana, da ta ɗaga sai ya ja da baya. Na can ba ya jin kunyar kowa. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Manchesta sai bayan ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 kuma ta faɗi, a wannan shekara kuwa an yi fiye da mako guda ana kwana ana tashi cikin ƙanƙara. Mai tafiya a babur nasa ya fi na kowa, domin iska tana kwashe ɗumin jiki: in ma'auni ya nuna digiri 2, mai gudun kilomita 60 a sa'a jikinsa yana jin kamar digiri 6 ne ƙasa da sifiri. Yatsu ne kuwa ke fara gamuwa da ita.

Ran nan da asuba, a wata mararraba, wata mota ta tsaya a gabana ba zato ba tsammani. Na kai yatsu ga birkin hannu, na nemi su matse, sai suka ƙi. Ba ciwo suke yi ba, ciwon ma ya wuce tun a hanya. Jin su kawai nake kamar aron su aka ba ni. Birkin ƙafa ne Allah ya sa ya cece ni, tayar gaba ta tsaya bai fi taki ɗaya ba daga bayan motar. Safar hannu biyu ke hannuna a ranar, ɗaya bisa ɗaya.

Wani abokin aikina ne ya gaya mini akwai magani, watau mariƙi mai ɗumi. Robar hannun babur ce dai irin wadda muka sani, sai dai an binne siririyar waya a cikinta an nannaɗe. Wayar irin wadda ba ta barin lantarki ya wuce cikin sauƙi ce, kuma duk inda ya gamu da turjiya sai ya zama zafi, kamar yadda muke gani a dutsen guga. Mutumin da ya fara auna wannan al'amari, James Joule, haifaffen Salford ne, garin da ke tsallaken ruwa daga wurin aikina. A wajen 1840 ya nuna yadda zafin da waya ke fitarwa yake bin yawan wutar da ke ratsa ta da kuma ƙarfin turjiyarta. Na sha wuce ƙasarsa hannuwana na kyarma ban san da shi ba.

Tilas in tsaya nan in gabatar da ma'auni uku, domin ba za a fahimci sauran labarin ba sai da su. Bolt shi ne ma'aunin matsin wuta, kamar ƙarfin da ke tura ruwa cikin bututun famfo. Amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne. Om kuwa ma'aunin turjiya ne, an sa masa sunan Georg Ohm, Bajamushen da ya bayyana dangantakar ukun a 1827: in ka raba bolt da om, abin da ya fito shi ne amfiya. Batirin babur mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 in yana zaune, in inji na tafiya yana caji kuwa sai ya hau wajen 14. Kowane ɗaya daga mariƙan da na saya turjiyarsa om 8 ce. Ke nan kowanne yana jan amfiya 1.75, su biyu amfiya 3.5, ƙarfinsu a haɗe wajen wat 50.

Na hannu na saya, don aljihuna bai kai sabo ba. Abin da ke cikin ledar shi ne mariƙai biyu, da makunni mai matsayi uku, watau kashe da ƙaramin ɗumi da babba, da fis mai amfiya 5, da doguwar waya ja da baƙa. Sa su bai ba ni wuya ba. Kaurin ƙarfen kan babur milimita 22 ne, mariƙin hagu a kansa yake zama kai tsaye, na dama kuwa raminsa ya fi faɗi domin a kan robar totur yake hawa. Na yanke tsofaffin, na goge, na shafa gam, na tura sababbin. Na ɗaura jar waya a kan batir mai alamar tarawa, baƙar a mai alamar ɗebewa. Kafin minti biyar tafin hannuna ya ɗau ɗumi. Daren nan na kwanta ina ganin kaina gwani.

Kwana uku na yi ina wannan gwaninta. A dare na uku na dawo a gajiye, na zare makulli, na shige ɗaki. Da asuba na danna sitata, sai wani ɗan ƙas-ƙas, shi ke nan. Ashe na bar makunnin a kunne, tun da kuwa kai tsaye na haɗa shi da batir, zare makulli bai hana shi komai ba. Batirin irin wannan babur ɗan ƙarami ne, abin da yake iya bayarwa bai wuce amfiya 7 na tsawon sa'a guda ba, mai jan amfiya 3 kuwa kafin sa'a uku ya tsotse shi sarai. Mariƙan zamani masu tsada suna kashe kansu in sun ji inji ya tsaya, amma nawa ba su da wannan wayo. Na tura babur kan gangare har ya tashi, na isa wurin aiki saura kaɗan ƙarfe 7. Shugaban sashenmu bai ɗaga murya ba, su ba su cika yin haka ba. Ya rubuta wani abu a takarda, ya ce mini ina cikin watannin gwaji, in aka sake sai a ba wani gurbina.

Maganin mantuwa irin wannan shi ne rile. Wani ɗan baƙin akwati ne bai fi kwalin ashana ba, makunni ne wanda wuta ke kunnawa maimakon yatsa. Yana da ƙafa huɗu, kowace da lambarta bisa tsarin Jamusawa wanda maƙeran motoci suka ɗauka. Ƙafa ta 30 tana karɓar wuta daga batir ta cikin fis, ta 87 tana miƙa ta ga mariƙai. Ta 85 da ta 86 kuwa su ne kunnuwansa: ɗaya tana zuwa kan batir mai alamar ɗebewa, ɗaya tana zuwa wata waya wadda ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Da an murɗa sai ɗan maganaɗisun da ke ciki ya ja, ka ji ƙas, hanya ta buɗe tsakanin 30 da 87. Da an zare makulli kuma ta rufe, ko ka manta ko ka tuna. Ni wayar fitilar baya na zaɓa. A nan ma sai da na yi tuntuɓe, domin wayoyi biyu masu kawo wuta ke shiga wannan fitila, na fara kama ta birki, na wayi gari da mariƙan da ba su ɗumi sai na taka birki. Wannan kam dariya ya ba ni, na gyara nan take.

Kuskuren da bai ba ni dariya ba a wannan yammacin na shuka shi ban sani ba. Da na sake bi da wayoyin ta ƙarƙashin tanki yadda ba za su goga da komai ba, sai baƙar ta gaza isa batir da kamar taƙi ɗaya. Duhu ya yi, hannuwana sun ƙage, ba ni da wata waya a kusa. Sai na tuna na taɓa ji ana cewa duk ƙarfen jikin babur a haɗe yake da kan batir mai alamar ɗebewa, ko'ina ka ɗaura baƙar waya daidai ne. Na duba na ga wani noti mai kyau kusa, wanda ke riƙe da ƙarfen fitilar gaba. Na kwance shi, na cusa bakin wayar, na ɗaure tamau. Na kunna, ɗumi ya zo. Na ce alhamdu lillahi, na tattara sifanu.

Wajen kwana goma abin yana aiki. Sa'an nan ya fara sanyin jiki. Babban ɗumi ya koma kamar ƙarami, ƙaramin kuma ya ɓace. Daga nan sai ya shiga wasa da ni: wani lokaci in sha kwana in ji ɗumi ya taso, in miƙe hanya ya gudu. A ƙarshe ya ɗauke ƙaf. A lokacin kuwa sanyi ya kai intaha, motocin hukuma suna bin tituna da dare suna watsa gishiri don kada ƙanƙara ta daskare a kan kwalta, kuma ruwan gishirin nan yana fantsama ko'ina a jikin babur. Na koma tsayawa sau biyu a hanya ina ɗora hannuwa a kan inji har su farfaɗo. Kowace tsayawa tana cin minti biyar, ni kuwa ba ni da minti biyar na bayarwa. In na tsaya in makara, in ban tsaya ba in tafi da yatsun da ba su jin birki. Gaba kura, baya sayaki.

Yamma uku na yi a lungun bayan gida, tocilan ɗin waya a baki, mita a hannu. Mitar nan ta auna wuta na saye ta ina alfahari, kuma duk abin da na tambaye ta sai ta ba ni amsa mai daɗi. Na duba fis, lafiyarsa lau. Af, bari in faɗi wani abu game da fis, tun da na sha gani a gida in ya ƙone sai a naɗe shi da zaren waya a ci gaba da harka. Fis ba don ya ba mutum haushi aka sa shi ba. An yi shi ne ya zama wuri mafi rauni, domin in waya ta goge ta taɓa ƙarfe, shi ya narke kafin wayar ta yi ja ta kama da wuta a ƙarƙashin tankin mai. Shi ya sa ake sa shi dab da batir, shi ya sa kuma ba a musanya mai 5 da mai 20. To, nawa dai bai ƙone ba. Na ɗora baƙin tsinken mita a kan batir, na bi jar waya da jan tsinke: bayan fis bolt 12.4, ƙafa ta 30 haka, ƙafa ta 87 haka, bayan makunni haka. Na zare mariƙan na auna turjiyarsu, kowanne om 8, kamar ranar da na saye su. Na auna tsakanin ramuka biyu na soket ɗin da suke shiga, mita ta ce 12.4. Na ma gwada tsakanin notin nan da batir, mita ta yi ƙara, alamar hanya a buɗe take.

Komai lafiya, amma ba ɗumi. Da hankali ya ƙare sai zargi ya fara. Na zargi rile, ko da yake ina jin ƙas ɗinsa, na sayi sabo, ba abin da ya sake. Na zargi makunni, na tsallake shi da guntuwar waya, shiru. Na zargi wanda ya sayar mini, na zage shi a zuci, Allah ya yafe mini. Duk wanda ya taɓa abin nan na tuhume shi, ban da mutum ɗaya.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran wayarin ɗin mota a wajen Ƙofar Ruwa a Kano. Tun ina firamare a shagonsa nake hutu, aikina riƙe fitila da miƙo filaya. Ya so in koyi sana'ar, ni kuwa ina ganin wanda zai shiga jami'a ba ruwansa da baƙin mai. Bai taɓa ce mini komai a kan haka ba, wannan ne ma ya sa kiransa ya yi mini nauyi. Amma ranar Asabar da safe, da na ga Litinin na matsowa, na kira shi ta bidiyo. Bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida, na juya wayar na nuna masa babur, na yi masa bayani.

Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce, "Watau su can har hannun babur suke hura wa wuta? Ikon Allah! To, ɗan Ingila, me ka gani?"

Na ce, "Kawu, wallahi na auna ko'ina. Mita ta ce akwai wuta."

Ya ce, "Mita ta ce. Ita mitar kaya take ɗauka? Ajiye ta. Kana da ƙwan sigina na mota?"

Na je shagon kayan mota na sayo ƙwai mai wat 21, na liƙa masa waya biyu kamar yadda na sha gani yana yi, na sake kiransa. Ya ce in zare mariƙan, in sa ƙwan a gurbinsu, in murɗa makulli. Ƙwan ya kama, amma wane irin kamu! Ja-ja-ja, kamar garwashin da toka ta rufe. A soket ɗin nan kuwa mita ta rantse mini akwai bolt 12.4.

Ya ce, "Yauwa. Riƙe shi haka, ka juya kan babur hagu da dama."

Na juya. Ƙwan ya yi haske, ya dushe, ya mutu, ya sake kamawa.

Ya ce, "To, bar waya ɗaya a wurin ja. Ɗayar kuma ka ƙara mata tsawo, ka taɓa kan batir da ita, wajen baƙi."

Ina taɓawa sai haske ya cika lungun, har na runtse ido.

Ya ce, "Ina ka ɗaure baƙar wayarka?"

Na kai wayar na nuna masa notin. Ya yi shiru, ina jin ƙarar janareta da hayaniyar kasuwa a bayansa. Can ya ce, "Kai yaro, hutu nawa ka yi kana riƙe mini fitila? Wuta ba ta fita gida sai ta ga hanyar komawa. Ka share mata hanyar zuwa, ka bar ta komawa cikin ƙaya."

Na ce, "Na yi kuskure, Kawu. Allah ya ƙara girma."

Ga abin da ya faru, kamar yadda ya warware mini, na kuma tabbatar da idona da na kwance notin. Gaskiya ne ƙarfen jikin babur a haɗe yake da batir, amma ƙarfen fitilar gaba ba a jikin babur yake ba, a kan ƙafafun gaba yake, waɗanda ke juyawa tare da kan babur. Abin da ya haɗa su da sauran jiki shi ne ƙananan ƙwallayen ƙarfe na wuyan babur, su kuwa cikin giris suke iyo. Ta nan na tilasta wa amfiya 3 su bi, shi ya sa juya kai ke kawo ɗumi ya ɗauke shi, kuma da abin ya daɗe da wutar ta cicciye ƙwallayen. Shi ya sa ma maƙera babur suke jawo wa fitilar gaba tata wayar komawa daban. Daɗin daɗawa, ƙarƙashin notin akwai fenti, ruwan gishiri kuma ya shiga ya haifar da tsatsa, bakin wayar tagulla ya yi kore shar.

Ita kuwa mita ba ƙarya ta yi mini ba, ni ne ban iya tambaya ba. Sa'ad da take auna bolt, wutar da take ja ba ta kai a kira ta wuta ba, domin turjiyar cikinta ta kai om miliyan 10. Ɗigon da take bukata zai wuce ta kowace irin tsatsa. Kamar famfon da bututunsa ya toshe ne: in ka toshe bakinsa da yatsa za ka ji matsi sosai, amma kawo bokiti ka ga abin da zai zuba. Ƙarar da ta yi mini kuma, yawancin mitoci suna yin ta ko da akwai turjiyar om 20 ko 30 a hanya. Da na mai da mariƙan na kunna su, na auna tsakanin notin da kan batir, inda bai kamata a sami ko rabin bolt ba, sai na sami fiye da 8. Lissafin a fili yake. Mariƙan biyu a haɗe om 4 ne, mugun haɗin nan kuwa ya kai om 8, jimla 12. Wutar da ke gudana ta faɗo zuwa amfiya 1, mariƙan suna samun bolt 4 kacal, ɗuminsu bai wuce wat 4 ba. Ninki biyu na wannan kuwa yana tafiya wajen ɗumama tsatsa da giris.

Yanzu sai maganar kalmar da na ambata da farko. Da lantarki ya zo mana sai muka ba shi sunan wuta, suna ne kuwa mai kyau, domin yana haske yana ƙuna. Amma a dubi yadda muke sarrafa ta. Mukan ce an kawo wuta, an ɗauke wuta, firiji yana shan wuta, dutsen guga ya cika cin wuta. Duk maganganun nan suna zana hoton abin da ke zuwa a cinye shi ya ƙare a wurin, kamar itace a murhu. Ba wanda ke tambayar ina wutar murhu take komawa. Da wannan hoto a kaina na yi yamma uku ina bin jar waya, domin ita ce mai kawowa, baƙar kuwa na ɗauke ta 'yar rakiya. Alhali duk amfiyar da ta fita ta ja, ita ce za ta dawo ta baƙa, ba ragi, kuma cikas a kowace daga cikinsu cikas ne ga duka. Kalmomin da Turawa ke amfani da su a nan daga Latin suka samo su, ɗaya asalinta gudu, ɗaya kewaya, saboda haka ɗan makarantarsu yana jin zancen zagaye tun daga sunan.

Ba ina cewa a sauya kalmar ba, kada malamaina su kama ni. Kawu ma wuta yake cewa, bai san wata kalma ba, kuma ba ta taɓa ɓatar da shi ba, domin shekara da shekaru hannunsa yana gyara masa abin da bakinsa ya rage. Ni da na tsaya ga kalmar kaɗai, ni ta yaudara. Abin da nake gani dai shi ne, masu shirya mana littattafan kimiyya da Hausa ya kamata duk inda suka rubuta wuta su yi maza su biyo ta da zancen kewaye da hanyar komawa, tun kafin hoton murhu ya zauna a kan yaro.

Gyaran kansa bai ci sa'a guda ba. Na jawo sabuwar baƙar waya mai kauri ɗaya da jar, tun daga makunni har kan batir. Na haɗa ta da dalma, na rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, maimakon salatif da ruwa ke kwarewa. Kawu ya sa na nuna masa inda na ɗebi wuta daga wayar fitilar baya, da ya ga ɗan shuɗin maƙalin da na matse ta da shi, irin mai haƙori da ke huda roba, ya ce in cire shi, yana yanke zaren waya kuma yana shan ruwa. Nan ma na sa dalma. Ya sa na murɗa totur har ƙarshe na saki, ya ga ya koma da kansa, ya kuma sa na bar wa wayar mariƙin dama lanƙwasa isasshiya, domin ita kullum cikin motsi take, in ta yi tsauri za ta karye a cikin robarta ba a gani.

Abu na ƙarshe da ya sa ni shi ne in ta da inji, in kunna komai, in auna batir. Inji na zaune mita ta nuna 12.2, da na ba shi wuta ta hau 13.9. Ya ce to, injin ƙarami ne, abin da yake samarwa a zaune bai kai abin da ake ja ba, saboda haka in na shiga cunkoso in mai da ɗumin ƙarami, in hanya ta buɗe in ƙara. Na ce masa na lura na hagu bai kai na dama ɗumi ba, ko akwai sauran laifi? Ya ce a kan me kowanne yake zaune? Na ce na dama a kan roba, na hagu a kan ƙarfe. Ya ce to ƙarfe ne ke shan rabonsa, ba laifin waya ba ne. Mutumin da bai taɓa ganin mariƙi mai ɗumi ba sai ran nan.

Ranar Litinin na isa wurin aiki saura minti goma ƙarfe 6, ban tsaya ko sau ɗaya ba. Na gama watannin gwaji, na riƙe aikin har na kammala karatu. Da zan dawo gida na sayar da babur, amma na yanke mariƙan na mai da na roba, na zuba su cikin jaka tare da makunni da rile da ƙwan nan mai wat 21, na kai wa Kawu tsaraba. Ya jujjuya su, ya ce Kano ba ta kai ga wannan ba tukuna. Ya sa aka ɗaura su a kan wani guntun ƙarfe a bangon shago, da tsohon batir a ƙasa. Duk yaron da aka kawo masa koyon aiki, in ya yi wata biyu, sai Kawu ya faki idonsa ya sassauta baƙar wayar, ya miƙa masa mita, ya ce ya nemo abin da ya hana su ɗumi. Ƙwan kuwa yana cikin aljihunsa, ba ya fito da shi sai yaron ya tambaya.